Hattara da mai cewa "taurin sabunta ne"

Direbobin Gombe, musamman masu Golf da Sharon da ke jigilar Bauchi, a yi hattara. Akwai wani da ke bin garejoji yana tallan inji, wai an yi masa aiki tun daga tushe: sabon ringi, sabon metal (ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu), an yanka karanshaf (sandar da fistin ke juyawa a cikin inji). Farashi ƙasa da na ɗan Beljiyam, amma sai ka biya duka kafin a ɗaura.

Da ka sa sifana a notin fuli za ka juya, sai ka ji kamar an ɗaure shi da igiya. Nan take zai ce, "Haba maigida, ai taurin sabunta ne, in ya yi gudu zai saki." Ƙarya yake. Injin da aka haɗa daidai, in an cire fulogi, mutum ɗaya ke juya shi da hannu ya zagayo bai cije ko'ina ba. Sabon ringi yana ɗan ja, wannan gaskiya ne, amma ja daban, cijewa daban.

Tsakanin karanshaf da metal akwai ɗan sarari, wajen milimita 0.02 zuwa 0.05, nan baƙin mai ke kwanciya. In an yanka karanshaf 0.25 aka sa metal na 0.50 da ya fi kauri, sararin ya tafi ke nan. Haka in an musanya murafun da ke riƙe da karanshaf ɗin, don kowanne da lambarsa da inda yake fuskanta. Ko datti ya maƙale bayan metal, ko shi karanshaf ɗin ya lanƙwashe. Shi ya sa bakanike na ƙwarai, tun kafin ya sa fistin, yake ɗaure murfi ɗaya ya juya, ya ɗaure na gaba ya sake juyawa, har ya kama wanda ke cizo.

Shi kuwa wannan ba ruwansa. Batir biyu yake haɗawa, ko a ja motar har ta tashi dole. Metal ya yi zafi ya cinye, inji ya soma nokin a hanya, ka kira shi ya ce kai ka bar mota babu mai. Gobe waya a kashe.

Kada wanda ya ba da ko sisi sai ya je da nasa bakaniken, an cire fulogi an juya a gabansa, an buɗe kwanon mai na ƙasa an duba ko lambar da ke bayan metal ta dace da yankan karanshaf. In ya hana a buɗe, ku riƙe kuɗinku, ku sanar da shugaban kanikawan garejin.