Gargaɗi ga masu aiki da LabVIEW NXG, wani na sayar da manhajar ƙarya

Salam 'yan uwa, don Allah duk mai amfani da LabVIEW NXG (wani salo na LabVIEW, manhajar kamfanin NI da ake haɗa shirin kwamfuta da ita ta hanyar zane) ya tsaya ya karanta wannan, ni an riga an cuce ni kuma bana so wani ya faɗa.

Wanda ya saba da tsohon LabVIEW ya san in ka ajiye maɓalli ko ma'auni a fuskar gaba, wato shafin da mai amfani da shirin ke gani, nan take mahaɗinsa zai fito a shafin zanen wayoyi, inda ake jona abubuwan da layuka. To NXG ba haka yake ba, mahaɗin yana zuwa ne ya zauna a wani ɗan aljihu na abubuwan da ba a ajiye ba, sai ka buɗe ka jawo shi da kanka ka sa inda kake so, haka ma in daga wajen zanen ka ƙirƙiro abu sai ka je fuskar gaba ka ciro shi daga nata aljihun. Ina wani aiki na auna zafi, abubuwa sun taru min wajen arba'in a ciki, lokaci ya ƙure, a haka na ga tallan wani mutum a gurup ɗin Telegram wai yana da manhajar da za ta kwashe su duka ta jera ta kuma haɗa wayoyin da kanta.

Ya turo bidiyo, an danna wuri ɗaya komai ya jeru tsaf. Na biya. Sai ya turo fayil a ƙulle da lambar sirri, ya ce sai na kashe antibairos kafin in buɗe wai tana ɗaukarsa a matsayin ƙwayar cuta bisa kuskure. Na kashe, na danna, wata baƙar taga ta buɗe ta rufe ko daƙiƙa biyu ba ta yi ba, shi ke nan. Aljihu yana nan yadda na bar shi. Na yi masa magana ya ce ai lasisina ne ya tsufa, in ƙara kuɗi ya ba ni NXG 6.

Anan jikina ya yi sanyi, saboda babu wani abu wai shi NXG 6. Kamfanin NI tun 2020 ya sanar zai daina ci gaba da NXG, kuma 5.1 da ta fito a 2021 ita ce ta ƙarshe. Bayan kwana biyu saƙo ya fara shigowa ana ƙoƙarin shiga imel ɗina, duk kalmomin sirrin da na adana a burauza ashe fayil ɗin ya kwashe, sai da na goge kwamfutar gaba ɗaya na canza komai daga wata na'ura, shi kuwa tuni ya yi bulokin ɗina.

Da na koma na kalli bidiyon a nutse sai na lura da agogon da ke ƙasan allonsa, kafin ya danna 9:14 yake nunawa, bayan ya danna 9:52. Da hannu ya zauna ya jera sannan ya yanke tsakiyar.

Kuma wallahi in ka yi tunani abin da ya yi alkawari ma ba mai yiwuwa bane, ta yaya manhaja za ta san wane maɓalli ne zai shiga cikin madauki, wato ɓangaren shirin da ke maimaita kansa, wane ne zai tsaya a waje, wannan ai kai mai aikin ne kaɗai ka sani. Aljihun nan ba matsala bane, jira yake ka yanke shawara. Yanzu ina ajiye abu nake tsallakawa ɗaya shafin in sa mahaɗinsa, ina ba kowanne suna mai ma'ana tun farko, wanda ba na buƙata in goge shi. Arba'in ɗin nan da suka tsorata ni ko awa ɗaya ba su ci min ba.

Duk wani ƙari da za ku saka wa manhajar ku bi ta NI Package Manager, wato manhajar NI ta saka irin waɗannan abubuwa, masu tsohon LabVIEW kuma ga VIPM mai irin wannan aikin, in don koyo ne a gida akwai LabVIEW Community kyauta tun 2020. Jiya na sake ganin tallan a wani gurup ɗin, ya canza suna da hoto amma bidiyon shi ne dai, agogon ma bai gyara ba. Na kai ƙararsa wajen masu kula da gurup ɗin, in kun gan shi ku ma ku kai.