Yawon ƙafa da jagora a tsohuwar hanyar Ridgeway

Matar da ke jagorantar wannan yawo a Wiltshire ta Ingila mabiyar addinin gargajiyar Turawa ce, kuma a wurinta tafiyar kanta ibada ce. Ni dai tarihi ne ya kai ni.

Daga Overton Hill muka tashi, mafarin Ridgeway mai tsawon kilomita 139. Matar ta san yankin kamar yunwar cikinta. Sai ta ja ta tsaya, ta nuna wani ɗan kwari cikin ciyawa, ta ce wata tsohuwar hanya ce da ƙafafu da kofatai suka cinye farar ƙasarta ta alli kafin a manta da ita. A kabarin West Kennet, wanda aka gina wajen shekaru 3650 kafin haihuwar Annabi Isa, ta ɗora tafinta kan dutsen ƙofa ta yi shiru. Ba ta ce kowa ya bi ta ba, wannan kam ya burge ni.

Inda ta gundure ni shi ne batun ɓoyayyun layukan ƙarfi da wai suka ratsa da'irar manyan duwatsun da mutanen da can suka kafa a ƙauyen Avebury. Masana tonon tarihi ba su yarda da shi ba, ita kuwa ta yi ta nanatawa. Ku zo da takalmi mai kama ƙasa, allin nan santsi gare shi in an yi ruwa.