Sauya akwatin wuta kaɗai, ko zare wayoyin gidan gaba ɗaya?

Hajiya, na ga tambayarki tun daren jiya, sai yanzu na samu zama. Kin ce gidanku na gado da ke Runjin Sambo a Sakkwato tun zamanin NEPA ba a taɓa wayoyinsa ba, kuma tun da kuka sa eyasi biyu fis ke ta ƙonewa. Mai gyara na farko ya ce a cire tsohon akwatin a sa sabo mai bireka, aikin yini guda. Na biyu ya ce sai an zare wayoyin kaf. Kina son sanin wa ke neman cin kuɗinki. Wataƙila babu, kowa dai inda ya leƙa ya faɗa miki.

Akwatin nan ba ya ƙara wa gida wuta, gadi yake yi. Aikin fis, haka ma bireka, shi ne ya yanke wuta kafin wayar da ke cikin bango ta yi zafin da zai narkar da robarta. Fis ɗinki da ke ƙonewa ba lalacewa ya yi ba, yana gaya miki an ɗora wa wayar kayan da ya fi ƙarfinta. Lokacin da aka ja wutar gidan, me ake kunnawa? Ƙwan fitila, fanka, rediyo, sai firji ɗaya in gidan masu hali ne. Yau eyasi mai doki ɗaya da rabi na jan amp (ma'aunin yawan wutar da ake ja) 5 zuwa 6 shi kaɗai, hita mai wat 3,000 na jan 13, ga dutsen guga, ga injin tura ruwa tanki. Jakin bai sauya ba, kayan ne suka ninka.

To, in aka bi ta mai gyara na farko, akwai riba ta gaske. Bireka in ta faɗi ɗaga ta kawai za a yi, babu mai zuwa ya naɗa mata waya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na taɓa zaro fis a wani tsohon gida cikin gari, farin tangaran ɗin da ke riƙe fis ɗin ya koma baƙi ƙirin, a ciki kuma an murɗa jan ƙarfe mai kauri har ninki uku. Maigidan na alfahari wai shekara biyar bai ƙone ba. Ta yaya zai ƙone? Wayar bangon ce ta koma fis ɗin. Sabon akwati kuma yana ba da damar raba layuka, fitilu daban, soket daban, kowane eyasi da nasa, sannan a sa RCCB mai 30mA, wata irin bireka ce ta musamman wadda ke yanke wuta nan take in ta fara yoyo ta jikin mutum ko ta jikin firji. Fis bai san wannan aikin ba, haka ma bireka ta yau da kullum. Su waya suke karewa, ita kuwa rai. Kuɗin kaɗan ne idan aka gwada da ɗayan aikin, ba fasa bango, ba ƙura.

Amma wayar da ke silin tana nan yadda take. Abin da na fi tsoro shi ne wanda ke biyo baya: a sa bireka daidai ƙa'ida, ta riƙa faɗuwa, a kira mai gyara ana faɗa, shi kuma don a zauna lafiya ya cire mai amp 10 ya sa mai amp 32. Wuta ta daina ɗaukewa, kowa ya yi murna, alhali an koma gidan jiya, sai dai yanzu cikin farin akwati mai kyau. Girman bireka bin kaurin waya yake yi, ba bin yawan kayan da ake son kunnawa ba. Waya mai lambar kauri 1.5 ta fitilu ce, bireka mai amp 6 ko 10. Mai 2.5 ta soket ce, bireka 20. Eyasi babba da hita su samu waya mai 4 da layinsu su kaɗai tun daga akwati.

Mu nan Sakkwato muna da ƙarin dalili. Lissafin ƙarfin waya da ke rubuce a littattafai an yi shi ne a kan zafin digiri 30. In zafi ya kai 45, waya mai rigar roba tana rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da za ta iya ɗauka. Ki tuna Afrilu da Mayu, inuwa ma ta haura 40, sannan ki ƙiyasta tsakanin kwano da silin da ƙarfe biyu na rana. Lokacin ne kuma kowa ke kunna eyasi, lokacin ne wuta ke zuwa ba ƙarfi, injin eyasi kuwa in wuta ta yi rauni ƙara ja yake yi. Shekara talatin ko arba'in a wannan gashin, robar waya takan bushe, kana lanƙwasa ta ta fashe kamar ɓawon gyaɗa.

Nan ne maganar mai gyara na biyu ke da nauyi. Zare wayoyi shi ke ƙara wa gida ƙarfi da gaske, shi ke kawar da haɗe-haɗen da aka yi ta yi shekara da shekaru, duk lokacin da aka ƙara ɗaki ko aka yi wa amarya shago a ja daga soket mafi kusa. A silin ɗin gidan da na ambata, haɗi ɗaya da baƙar leda aka naɗe shi, wani kuma salatif ɗin ya bushe ya zube, ga kashin ɓera kewaye da shi. Babu akwatin da zai gyara wannan. Wahalarsa dai sananniya ce: tsada, kwanaki ana aiki, a kwashe kaya daga ɗaki zuwa ɗaki. In an yi sa'a tun farko cikin bututu aka zura wayoyin, ja kawai za a yi a zura sababbi. In kuwa cikin filasta aka binne su, ko ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, ban ba ki shawarar a sassare bango ba. A kashe tsofaffin a bar su a ciki, a bi da sababbi ta kan bango cikin kwaroron roba. Ba kyan gani sosai, amma ana iya buɗewa a duba.

Shi ma wannan aikin yana da ramin da ake faɗawa, wato jabun waya. Akwai wadda aluminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, akwai wadda aka rubuta 2.5 alhali ba ta kai ba. A kankare bakin wayar da wuƙa a gabanki, in fari ya bayyana a mayar wa mai shago kayansa. Wayoyin da ake yi a gida Najeriya, irin su Nocaco ta Kaduna da Coleman da Cutix, suna da suna mai kyau, a dai saya wurin dila na gaskiya. Tsohuwar waya ta asali da robarta ba ta mutu ba ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba.

Abin da zai raba gardamar gwaji ne, kuma na lura babu wanda ya ambata miki shi cikin su biyun. Akwai na'urar da muke kira mega, tana tura bolt 500 cikin kowane layi ta auna lafiyar robar. Layin da na'urar ta nuna ya gaza megohm 1 (ma'aunin yadda robar ke tare wuta) ya fita daga lissafi. A haɗa da hawa silin da tocila. In layukan fitilu sun haye, a bar su, nauyinsu kaɗan ne, balle yanzu da ƙwayayen LED. Ki kuma sani RCCB ba ta zama lafiya da waya mai yoyo, za ta yi ta faɗuwa. In hakan ta faru laifin a nemo, kada ki yarda wani ya ce "bari mu tsallake ta".

Ko wanne kika zaɓa, wayar ƙasa dole ce, wato wadda ake haɗawa da sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa don ta kwashe wutar da ta yi yoyo, tsofaffin gidaje da yawa kuma ba su da ita ko ta tsinke tuntuni. Ƙasarmu yashi ce, da rani ta bushe ƙayau, don haka sandar jan ƙarfen ta nutse sosai, a wurin da ke samun danshi, a kuma auna ta cikin rani ba da damina ba. Janareta da inbata su bi ta makunnin canji na gaskiya, wanda ke raba gida da layin waje in an koma kansu, kada wutarsu ta koma layi ta kama ma'aikaci a kan falwaya. Katawut (babban fis ɗin da ke bakin shigowar wuta) da mita kuwa hurumin kamfanin raba wuta na Kaduna Electric ne, su za a nema in wayar shigowa ta yi ƙanƙanta ko ana son komawa layi uku. Mai aikin kuma ki tambaye shi takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu wannan sana'a.

Da gidanmu ne, Hajiya, ga yadda zan yi: sabon akwati mai guraben da suka fi buƙatar yau, RCCB, wayar ƙasa, sababbin layuka ga eyasi biyun nan da kicin da injin ruwa, duk kafin zafin bazara ya shigo. Sauran ɗakunan abin da mega ta faɗa za a bi, wanda ya faɗi a sauya yanzu, wanda ya haye ya jira wata shekarar. In kuwa an riga an fara jin ƙaurin roba, ko soket na baƙi, ko bango na jan mutum da damina, to na biyun ne ya yi gaskiya. Kafin a zo aikin, a daina kunna eyasi biyun lokaci guda, kuma wani ya zaro fis ɗin bayan an kashe babban makunni, ya ɗauko mini hoton abin da ke naɗe a ciki.