Motar Gombe zuwa Abuja: masar Bauchi ta yi daɗi, Akwanga ta ɓata mini rai

Motar dai ba ni da abin cewa a kanta. Sabuwa ce, esi na aiki, kujera ba ta matse gwiwa, kuma ba a yi mana lodin nan na mutum huɗu a layin mutum uku ba. Kuɗin mota kuwa kun san inda ya kai tun da aka cire tallafin mai a 2023, ba sai na fama muku ciwo ba. Sunan kamfanin zan bar shi a cikina. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne maganar tsayawa da cin abinci, don tafiyar da za ta ratsa Bauchi da Filato, ta ɗan taɓa Kaduna, ta bi Nasarawa kafin Abuja, wuni ce cur, kuma sanyin esi ba ya maganin yunwa.

Bayan sallar asuba muka tashi. Tumfure, Lawanti, Bara, Alƙaleri, duk direba bai ko rage gudu ba. A gadar Dindima, inda ake tsallake kogin Gongola, yara suka taso da farantan soyayyen kifi, muka wuce su suna bin mota da ido. Nan ne mahaɗar da ake karyawa a nufi Yankari, gandun namun dajin da aka buɗe wa masu ziyara tun 1962, mai ruwan ɗumin nan na Wikki. Da yawanmu a Gombe mun tsufa muna wuce allon nan, ba mu taɓa leƙawa ba.

Muna shiga Bauchi direba ya sanar da cewa ba tsayawa sai Akwanga. Akwanga fa! Mota ta yi tsit, kowa na jiran wani ya fara. Wata dattijuwa da ke kujerar bayansa ce ta ce, "Ɗana, ka ji tsoron Allah. Tun asuba ban sa komai a bakina ba, ga maganin suga zan sha. Kuma a ina ka taɓa jin an wuce Bauchi ba a ci masa ba?" Ya ɗan yi gunaguni, ya ce, "To Hajiya, albarkacinki. Minti goma, wanda bai dawo ba ya biyo mu a wata motar." Ya gangara gefen titi a wajen Wunti.

Allah ya saka wa Hajiyar nan da alheri, ita ta ceci tafiyar. Matar da muka samu tana zaune gaban tanda biyu a kan wutar itace, ƙullu cikin babbar roba ya tashi har yana ƙananan ƙwayaye a sama. Ta ɗiga mai a kowane gurbi, ta zuba ƙullu da ludayi, kafin ta kai gurbin ƙarshe na farko ya isa juyi, sai ta sa bakin cokali ta kifa shi, hannu ko gezau. Ba ta ajiye soyayya a kwando tana jiran mai saye, daga tanda sai faranti. Gefen masar ya soyu ya yi ja yana ƙaras-ƙaras, cikin kuma fari tas, laushi kamar auduga. Ɗan tsamin nan na ƙullun da ya kwana yana nan, bai yi yawa ba, sukari bai danne shi ba, kanwa ma ba ta fito ba. Wanda ya saba da masar da ake cika wa yis don ta kumbura cikin awa ɗaya zai gane bambancin tun a loma ta farko.

Miyar taushen ita ce ta ƙarasa ni. Kabewa ta narke, gyaɗa ta kama jikinta, ga yakuwa kaɗan, ga ƙashi mai ɓargo da ta tsamo mini ba tare da na roƙa ba. Na ce, "Inna, a ƙara mini ta leda, da yaji da ƙuli." Ta ce, "Bar bakin ledar a buɗe har ta huce, in ka ɗaure za ta yi gumi ta lalace." Muna cikin haka direba ya fara danna oda. Rabin farantina na bari, wallahi har yanzu yana raina.

Daga nan zuwa Jos ba wani labari. Dutsen Zaranda, Nabordo, Magama Gumau, Tilden Fulani, matan Fulani da ƙwaryar fura da nono a bakin hanya, duk ta gilashi muka gaisa. Bayan Mararrabar Jama'a ya tsaya shan mai, muka yi wuf muka sayi dankalin turawa da kabeji da karas a hannun matan da ke gefen titi, masu kyau kuma da sauƙi fiye da na kasuwarmu. A Hawan Kibo dole in yaba masa. Gangaren nan da ke cin birkin manyan motoci, a hankali ya sauka da mu, bai yi gigin wuce tirela a kwana ba. A lokacin har na ƙudurta zan rubuta cewa kowa ya hau motar nan ido rufe.

Sai Akwanga. Azahar ta yi tun muna wajen Gwantu, aka yi masa magana ya ce saura ƙiris. Mun wuce masallatai, mun wuce wuraren abinci masu tsabta da motoci cike a gabansu, bai tsaya ba sai da ya kai mu wani fili a bayan gidan mai, inda babu mai sayar da komai sai gidan abinci guda. Yana kashe mota wata yarinya ta tare shi da "sannu da zuwa, Oga", aka wuce da shi ɗakin ciki mai labule. Da iska ta ɗaga labulen na hango gabansa: sakwara, rabin kaza, lemo mai sanyi. Kowa ya san tsarin, direba ya kawo fasinja, shi ya ci kyauta, kuɗin kazarsa kuma a farantinmu ake fanshe shi.

Mu abin da aka ba mu shinkafa ce da ta sha iska tun safe, miya ja mai ruwa-ruwa da manja a kwance a sama, da yankan nama ɗaya da na tauna na gaji na ajiye. Kuɗin farantin ya ninka abin da na kashe a Bauchi har da ta leda. Ruwan alwala ma sayar mana aka yi, butar kuma a fashe, ban da bayan gidan da ba zan ɓata muku ci da bayaninsa ba. Hajiya ta duba abincin ta mayar, ta buɗe ledar masarta ta ci da ruwan roba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lokaci. Mutumin da ya ƙirga mana minti goma a Bauchi yana danna oda, shi ne ya shafe kusan awa guda a bayan labule, har da sakace. Wannan zaman ne ya jefa mu cikin cunkoson Masaka da Mararraba da yamma, muka shiga Abuja bayan isha'i. Da wani bawan Allah ya yi ƙorafi, cewa ya yi, "Malam, in kana sauri ka hau jirgi a Lawanti."

Don haka yabon da na yi niyya na rage shi sosai. Tuƙi lafiya lau, mota lafiya lau, amma a ce kamfani mai ofis da rasit ya bar cikin fasinja a hannun direba da mai gidan abincinsa? Kuma da za mu sauka a Nyanya, yaron mota ya riƙe ɗan buhun dankalina ya ce sai na biya kuɗin kaya, wai ba da shi na hau ba. Dankalin da a kan cinyata ya zauna tun daga Jos, ko but bai shiga ba.