Sharhi kan ofishin lauyoyin da ya bi mana haƙƙin sunan shinkafarmu

Ƙungiyarmu ta masu casar shinkafa a Kura ta damƙa ƙorafinta ga wani ƙaramin ofishin lauyoyi da ke birnin Kano, bayan abokan cinikinmu na Legas sun sanar da mu cewa duk wanda ya rubuta sunan shinkafarmu a Google, tallan wani dillali ne ke fara fito masa, ɗauke da sunan namu da lambar wayar dillalin. Aikin da suka yi mana ya cancanci yabo, musamman saboda ba su ruɗe mu da alkawarin diyya ba.

Da shugabanmu ya zaro takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, daga leda ya shimfiɗa a kan tebur, lauyar ta karanta ta a nitse, sannan ta ce, “Ranka ya daɗe, wannan rajistar kasuwancinku ce, ba ita ke kare sunan da ke jikin buhu ba.” Ta bayyana mana cewa dokar alamar kasuwanci ta 1965 ba ta ba mai alamar da ba a yi wa rajista ba damar shigar da ƙarar keta alama, sai dai ya bi hanya mai wuya ta tabbatar da cewa wani na sayar da kayansa a matsayin na mai alamar. Ana yin rajistar ne a Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari, shinkafa tana rukuni na 30 a rabe-raben kayan da ake yi wa rajistar, kuma rajistar farko tana aiki shekara 7 kafin a sabunta ta.

Inda na fi gamsuwa da su shi ne batun tallan kansa. Mun je da tabbacin cewa sayen sunanmu a matsayin kalmar bincike, wato biyan Google don tallan mutum ya fito idan an rubuta sunan, laifi ne kai tsaye, amma suka nuna mana hukuncin Kotun Tarayyar Turai na 2010 a shari'ar Google da Louis Vuitton, kamfanin jakunkuna da kayan ado na Faransa, inda aka ce mai talla yana shiga laifi ne idan tallan ya sa mai saye ya kasa gane ko kayan daga mai alamar suke. Hukuncin bai ɗaure kotunan Najeriya ba, kuma sun faɗi haka ƙarara. Saboda haka suka mayar da hankali kan sunanmu da ke cikin rubutun tallan, suka adana hotunan shafin, suka aika wa dillalin wasiƙar gargaɗi, shi kuwa ya cire sunan.

Aibinsu shi ne duk takardunsu da Turanci ne, alhali yawancin mambobinmu Hausa da ajami suke karantawa, kuma sai mun yi ta bin su a waya kafin mu san inda rajistar alamarmu ta kwana. Duk da haka ina ba masu niƙa man gyaɗa da masu ƙulla riɗi na Jigawa shawarar su nemi irin wannan ofishi kafin su buga suna a kan buhu, su kuma nemi a rubuta musu kuɗin aiki daban da kuɗin gwamnati tun ranar farko.