Ajin manya na unguwarmu: na Asabar ya yi, na Lahadi sai a hankali

Tun bayan ƙaramar Sallah nake raka Innarmu ajin manyan mata da ake yi Asabar da Lahadi bayan la'asar, a wata firamare ta unguwarmu a nan Kano. Wata ƙungiyar mata ce ta buɗe shi, ba Hukumar Ilimin Manya ta jiha ba, wato wadda aka kafa a 1980 zamanin Abubakar Rimi. Kuɗin wata bai taka kara ya karya ba. Masu tambayata ko su kawo iyayensu, ga abin da idona ya gani.

Ajin gauraye ne. Akwai irin su Inna da suka sauke Alƙur'ani a makarantar allo, suna karanta ajami tiryan-tiryan, amma ko baƙi ɗaya na boko ba su sani ba. Akwai masu ƙosai da uwayen adashe, lissafin ka ba a kama ƙafarsu, amma in aka je banki sai dangwale. Ga kuma matasan zawarawa da aure ya cire daga ƙaramar sakandare, su burinsu NECO.

Malamar Asabar ta gane wannan tun ranar farko, sai ta raba su gida uku. Masu ajami, takan rubuta musu "ba" mai ɗigo a ƙasa, ta ajiye b kusa da shi, ta ce, "Hajiya, ai kin san wannan tun ba a haife ni ba, riga kawai ya sake." Daga nan fataha ta zama a, kisira ta zama i, rufu'a ta zama u. Babbar wahalarsu hannu ne, don ya saba tashi daga dama. Sai ta riƙa ɗiga musu jan biro a gefen hagu na kowane layi, nan ne mafara. Inna ta yi ta ƙunƙuni a kan wannan ɗigon, yanzu kuwa da kanta take duba sunan mai kiranta a waya.

Masu sana'a ba ta ba su littafi ba sam. Cewa ta yi kowa ta zo da takardun da ke cikin jakarta: risitin POS, katin asibiti, kwalin magani, littafin zubi. Da su ake darasi. Na ga wata mai ƙosai ta karanta saƙon shigar kuɗi a wayarta, tana bin sifili da ɗan yatsa, ta tabbatar 5,000 aka turo mata ba 500 ba. Da can sai ta jira jikanta ya dawo daga makaranta. Matasan kuma tsofaffin tambayoyin jarrabawa take ba su, wani lokaci ta zaunar da su kusa da tsofaffi su taimaka. Ba duka ne ke son haka ba, kuma ban ga laifinsu ba, lokacinsu ne ke tafiya.

Ranar Lahadi wata malamar ce, ita kuwa kowa tudu ɗaya. A biya A, B, C da ƙarfi, daga littafin yara na Turanci mai hoton tuffa. Ta taɓa kiran wata dattijuwa gaban allo, alli ya ƙi tafiya, aka yi dariya, malamar ma har da murmushinta. Matar nan ta haifi kamarta, kuma tun ranar ba mu sake ganinta ba. Ga makara: sai a fara ana gab da kiran magariba, mata na ta duban ƙofa saboda girki.

Bencinan na 'yan aji ɗaya ne, mai ciwon gwiwa ta taho da tabarma ko kujerar tsugunno. Allon ya koɗe, rubutun littattafan ƙanana, don haka a nema wa tsohuwa tabarau kafin a kawo ta. Wurin rajista a faɗi gaskiyar abin da ta iya, musamman in tana da karatun allo, don a sa ta rukunin da ya dace.

Mu dai yanzu Asabar kawai muke zuwa, kuɗin kuma cikakke muke biya. Na roƙi shugabar ƙungiyar ta ba malamar Asabar kwanakin biyu, ta ce za su zauna a kai bayan an gama wannan zangon.