Kwandon ƙarfe na ajiye fenda: ya yi a bayan jirgi, amma kada a kai shi gaba

Fenda, wato robar nan mai iska da ake ratayawa a gefen jirgin ruwa don kada ya gogi bangon tasha ko jirgin maƙwabci, aikinta yana ƙarewa da zarar an kwance igiya. Daga nan ta zama kaya: ba ta da nauyi, amma ga cin wuri, ga jiƙa, ga gansakuka a gindinta. Jirgina mai tafiya da iska ne, tsawonsa mita 10, kuma ina ɗaukar dogaye guda shida masu kaurin santimita 22, da wata mai kamar ƙwallo guda. Babbar ma'ajiya ɗaya ce gare ni, ƙarƙashin bencin matuƙi, ita ma cike take da igiyoyi da bokiti da ƙaramin anka. In aka cusa fenda shida a kai, duk abin da ake nema da gaggawa sai ya kasance a can ƙasa. Abin da ya sa na sayi kwandunan ƙarfe biyu ke nan, masu ɗaukar fenda bibbiyu, irin waɗanda ake ɗaurawa a jikin shingen ƙarfe na jirgi.

Ƙirar ba wani abin mamaki ba ce. Zobba ne na siririn ƙarfe mara tsatsa, biyu a sama biyu a ƙasa, da sanda a gindi wadda fenda ke zama a kai, sai maƙallai biyu da ke kama bututun shinge. Waldar ta yi kyau, an goge ta sumul, na bi ta da yatsa ban ji inda zai yanki roba ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin fenda ba ta zama shiru a kwando. Duk tangaɗin da jirgi ya yi sai ta motsa, kuma ɗan tsini ɗaya ya isa ya ci fatarta a hankali.

Inda na ga gazawa shi ne notuna. Jikin kwandon ƙarfe ne mai lamba 316, wanda ke da sinadarin molibdenum kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, shi ya sa yake jure gishirin teku fiye da mai lamba 304. Amma notunan da woshoshin da suka zo a leda ba su kai shi ba. Ba a daɗe ba sai ga jan layin tsatsa yana gangarowa daga maƙalli zuwa kan farin daɓen jirgi, kuma wanda ya taɓa goge irin wannan tabon ya san wahalarsa. Na cire su duka na sa masu alamar A4 a kai, wadda ita ce daidai da 316, da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. A shafa ɗan giris a zaren kafin a ɗaure, don ƙarfe mara tsatsa yana da halin cijewa: ana cikin juya sifana sai ya ƙame, ba gaba ba baya, sai dai zarto. Bututun shingena milimita 25 ne, maƙallan kuma an yi su ne su kama 22 ko 25. Sun kama, amma sai da na naɗa yankin roba a ciki kafin kwandon ya daina sunkuyawa in an jingina da shi.

Hoton da ke jikin kwalin ya nuna kwandon a can goshin jirgi. Wannan shawarar jirgin inji ce, ban yarda da ita ga mai ƙyallen iska ba ko kaɗan. Duk lokacin da aka juya jirgi ya ratsa iska, ƙyallen gaba yana sharo goshin daga wannan gefe zuwa wancan, igiyoyinsa suna bulala, kuma ba abin da suke so kamar su sami ƙarfen da za su sarƙe. In suka sarƙe, dole mutum ya rarrafa gaba a daidai lokacin da bai kamata kowa ya je can ba. Sannan goshi ne ke nutsewa cikin raƙumin ruwa. Fenda cike take da iska, ruwa na ɗaga ta da ƙarfi, ƙarfin nan kuwa a kan maƙalli da ƙafafun shinge yake sauka. Na ga wani jirgi a tasha da shingen gabansa a lanƙwashe, gindin ƙafa ɗaya ya tsage daɓe ruwa yana shiga, kwandon yana nan maƙale a jiki. Ga kuma tare wa matuƙi gani, ga takura wa mai jefa anka.

A baya kuwa, kwandon ya biya kuɗinsa. Sai dai shingen baya wuri ne mai cunkoso, kuma akwai abubuwan da suka fi fenda haƙƙin zama a wurin. Farar fitilar baya, bisa dokokin kauce wa karo a teku na 1972, dole ta haska faɗin kusurwa mai digiri 135, kuma a jirgin da bai kai mita 12 ba a hango ta daga mil 2 na ruwa. Fenda mai tsayi a kusa da ita tana iya datse wani ɓangare na hasken, kai kana ciki ba ka sani ba. Na jira dare ya yi, na kunna fitilar, na zagaya ta kan dandamalin tasha ina duba ta kowace kusurwa kafin na ƙarasa ɗaure notuna. Haka ma robar ceto da ake jefa wa wanda ya faɗa ruwa: hannu ya kai gare ta ba tare da ya ture komai ba. Na sa kwandunan ta wajen shinge, ɗaya dama ɗaya hagu, nesa da tsani da inda igiyar ɗaure baya ke wucewa.

Daɗinsa a wurin fita da shiga ne. Ana barin tasha sai a kwance fenda, a zura ta, ruwanta ya tsiyaye cikin teku, ba fumfuna ba wari. Lokacin dawowa, ko mutum shi kaɗai ne a jirgi, yana iya zaro su ba tare da ya yi nisa da sitiyari ba. Abu biyu ne kwandon bai tanada ba. Ba shi da murfi, don haka na ɗaura igiyar roba ta saman kowanne. Kuma igiyar fenda ba a barin ta tana lilo. Ina naɗe ta in ɗaure a shinge, saboda igiyar da ta sauka ruwa ta baya farfela take nema.

Rana ita ce farashin da ake biya. Robar fenda, wato PVC, in ta yini a waje tana dusashewa, daga baya ta yi danƙo tana kwasar datti tana shafa wa jikin jirgi. Rigar yadi tana rage wannan sosai, amma tana ƙara kauri, kuma zoben kwandona da ƙyar yake karɓar fenda mai riga. Zafi ma yana kumbura iskar ciki, fendar da ta shiga kwando salin-alin da safe sai ta ƙi fita da azahar. Kada a cika mata iska. Babban yatsa ya iya lotsa ta.

Sauran ukun da kwando bai ɗauka ba suna ma'ajiya. Ba na kai su akwatin tukunyar gas ko da akwai sarari, domin gas ya fi iska nauyi kuma ramin da ke ƙasan akwatin ne hanyar fitarsa, ba a toshe shi. Ramin sarƙar anka ma ba na so, fenda na iya danne sarƙar ranar da ake buƙatar ta zubo da sauri. In doguwar tafiya ce cikin buɗaɗɗen teku, inda ruwa kan iya hawowa ta baya, ina kwashe har na kwandon in shigar da su ɗakin baya.

Ga mai yawon bakin gaɓa daga tasha zuwa tasha, ina ba da shawarar sayensa. Ya auna kaurin fendarsa da rigarta a jiki, ya ƙara santimita biyu, ya auna bututun shingensa, kuma ya sayi notunan A4 tun ranar da ya sayi kwandon.